A Sawun Janar Moltke: Daga Barlin zuwa Tudun Chlum da Ƙauyen Krzyżowa

A titin Wilhelmstraße na birnin Barlin akwai wani allo a bakin hanya da ke nuna inda Turawa suka zauna daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885 suna tsara yadda za su yi da Afirka. Ginin kansa babu shi. Yaƙin duniya na biyu ya lalata shi, aka rushe abin da ya saura, gidajen kwana ne a wurin yanzu. Duk wanda ya karanta tarihi a makarantunmu ya san wannan taro. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, ƙasar da ta karɓi baƙuncinsa shekararta 13 kacal da kafuwa. Kafin 1871 babu ƙasa ɗaya mai suna Jamus, sai masarautu da birane barkatai, kowa da sarkinsa. Yaƙe-yaƙe uku suka ɗinke ta: da Danmak a 1864, da Ostiriya a 1866, da Faransa a 1870 zuwa 1871. Bismarck ne ya ƙulla siyasar, shi ne kuma sunan da muka haddace. Amma wanda ya tsara yaƙin, ya ce runduna kaza ta bi nan, runduna kaza ta bi can, wani dattijo ne siriri marar yawan magana, Helmuth von Moltke. Hafsoshin Jamus da suka ci Garwa a 1901 da Marwa a 1902 sun taso ne cikin sojan da ya gina. Wannan ya sa da na samu zuwa wajen ƙanena da ke karatu a Barlin, na ce masa ina son in bi sawun mutumin nan da ƙafata.

"Yaya, ai ba nisa, ga shi can a tsaye cikin Tiergarten," in ji shi.

Muka shiga bas zuwa babban shataletalen da ke tsakiyar wannan daji na cikin birni. A tsakiyarsa hasumiyar nasara take, mai tsawon mita 67, an jera mata bakunan igwa da aka ƙwato a yaƙe-yaƙen nan uku, an shafe su da ruwan zinariya. An buɗe ta ranar 2 ga Satumba 1873 a wani fili dabam, gwamnatin Hitler ce ta ɗauko ta ta kawo nan a 1938 zuwa 1939. Mun hau matakalarta 285, muka sauko, muka tsallaka gefen arewa inda mutum-mutumi uku suke: Bismarck, da Roon ministan yaƙi, da Moltke. Na Bismarck ƙato ne na tagulla, an kewaye shi da siffofi iri-iri. Na Moltke farin dutse ne, shi kaɗai, ba doki, ba takobi a zare. Ya jingina, ya zuba ido gaba kamar mai lissafi a zuci. Jamusawa suna ce masa babban mai shiru, har ana cewa yana iya yin shiru cikin harsuna bakwai.

Daga nan muka taka zuwa gadar da ke ɗauke da sunansa a kan kogin Spree, gada ce ta jan dutse dab da babbar tashar jirgin ƙasa. A tsallakenta, kusa da inda ofishin shugaban gwamnati yake a yau, nan hedikwatar manyan hafsoshi take a da, nan yake aiki, nan yake kwana, nan kuma ya rasu. A kan gadar na ba ƙanena labarin farkon rayuwarsa, don shi ɗan injiniya ne, tarihi bai dame shi ba.

An haife shi a garin Parchim ranar 26 ga Oktoba 1800, gidan masu asali amma ba dukiya. Mahaifinsa ya shiga aikin soja a Danmak, shi ma yana da shekara 11 aka kai shi makarantar horon soja a Kopenhagen, inda ya sha wuya da kaɗaici irin wanda bai manta ba har tsufansa. Ya zama ƙaramin laftanan a sojan Danmak, sai ya duba ya ga ba gaba, a 1822 ya koma sojan Furusiya, masarautar Jamusawa mai fada a Barlin wadda daga baya ta haɗa kan Jamus. Albashin bai taka kara ya karya ba. Ya yi shekara uku a makarantar yaƙi ta Barlin a zamanin da masanin yaƙi Clausewitz ke shugabancinta, ya fita aikin safiyo yana zana taswirar yankunan Silesiya da Posen. Da ya buƙaci doki, domin hafsa ba ya aiki ba doki, sai ya karɓi kwangilar fassara littafin Gibbon na tarihin faɗuwar daular Rum daga Turanci zuwa Jamusanci. Ya yi nisa ƙwarai da aikin, mai bugawa ya fasa, kuɗin ma kaɗan ya samu. Abin da ya fi ba ni mamaki a rayuwarsa shi ne, mutumin da ya zo ya juya dakaru dubu ɗaruruwa bai taɓa jagorantar bataliya ko ɗaya a fagen daga ba. Teburi ne wurinsa, da taswira, da alƙalami.

Yunwa ta kai mu wani shagon Baturke a unguwar Moabit, bayan tashar. Muna cin gurasa da nama sai na tuna ashe wuri ne da ya dace da kashi na biyu na labarin. A 1835, yana kyaftin, Moltke ya ɗauki hutu ya tafi yawon buɗe ido har Santambul. Sultan Mahmud na Biyu, wanda ya rusa tsohuwar rundunar Janisari a 1826 yana fafutukar kafa sabon soja, ya nemi a bar masa shi. Hutun wata shida ya zama shekara huɗu. Ya koyi Turkanci, ya zana taswirar Santambul da mashigin Bosforus, ya ratsa Anatoliya a kan doki, ya bi kogin Furat a kan gadon salkunan fata da aka hura wa iska. A 1838 aka tura shi ya zama mai ba Hafiz Pasha shawara, kwamandan da zai fuskanci Ibrahim Pasha ɗan Muhammad Ali na Masar. A Nizip, kusa da Gaziantep ta yau, Moltke ya ga Masarawa suna zagayo su, ya ce a ja baya zuwa Birecik inda kogi zai kare musu baya. Hafiz Pasha ya ƙi. A ruwayar Moltke, malaman da ke tare da Pasha ne suka ce masa ja da baya abin kunya ne. Ruwayar ɓangare ɗaya ce, kuma Pasha yana da dalilin tsoron cewa kuratansa, waɗanda da yawansu Kurdawa ne da aka kamo da ƙarfi, za su watse da zarar an juya baya. Ko ma mene ne, ranar 24 ga Yuni 1839 rundunar ta tarwatse cikin 'yan sa'o'i, Moltke yana wajen igwa, da kyar ya tsira. Mako guda bayan haka Sultan ya rasu.

Ina ganin a Nizip aka haifi Moltke na gaba. Yaƙinsa na farko ke nan, kuma kashi aka sha. Ya ga da idonsa yadda jarumtaka ba ta hana runduna lalacewa in ba abinci, ba hanya, ba hafsoshin da suka san aikinsu, kuma mai ba da shawara ba shi da ikon da zai sa a ji shi. Shekara 25 suka wuce kafin ya sake jin ƙarar igwa a yaƙi. A tsakani ya shiga hukumar daraktocin layin dogo na Barlin zuwa Hambag, ya zuba ɗan abin da ya tara a ciki, a lokacin da manyan janar-janar suke kallon jirgin ƙasa a matsayin abin 'yan kasuwa. Ya auri Mary Burt a 1842. Ya yi dogarin wani yarima a Rum, ya zana taswirar birnin. A 1857 aka ba shi shugabancin hedikwatar hafsoshi, ofishin da a lokacin ba wani ƙarfi gare shi ba, yana ƙarƙashin ma'aikatar yaƙi. Ya zauna yana zaɓo samari masu kaifin ƙwaƙwalwa daga makarantar yaƙi, yana fita da su karkara kan dawaki yana ba su matsala su warware, yana mayar da wanda bai kai ba bariki. Daga baya Faransa da Japan da Turkiyya da Amurka da Ingila duk suka kwaikwayi tsarin, kuma duk kwalejin horon manyan hafsoshi da ka gani a yau, har ta Jaji, akwai ɓurɓushinsa a cikinta.

Jirgin da ya ɗauke ni daga Barlin ya bi ta Dresden, ya shiga kwazazzabon kogin Elbe, duwatsu a tsaye hagu da dama, jiragen ruwa na 'yan yawon shaƙatawa suna tafe a hankali. Ni kaɗai na tafi, ƙanena yana da jarrabawa. A Prag na canja jirgi zuwa Hradec Králové, garin da Jamusawa ke kira Königgrätz. Gari ne mai tsabta, mai natsuwa, inda kogin Orlice ke zuba cikin Elbe. Lokacin bazararsu ne, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, mutum ya yi ta duban agogo yana jiran magariba.

Da safe na kama hanyar Chlum, wajen kilomita goma arewa maso yamma da garin. Ƙauye ne ƙarami a kan tudu, da coci, da gidan tarihi na yaƙin 1866 tsakanin Furusiya da Ostiriya, da wata doguwar hasumiyar ƙarfe ta hangen nesa. Da na hau sama sai ƙasa ta shimfiɗu a gabana: gonakin alkama har iyakar gani, ƙauyuka masu jan rufi, layin bishiyoyi da ke nuna inda rafin Bystřice yake, da wani duhun daji a dama. Ba za ka ce a nan mutum sama da 400,000 suka gwabza cikin yini ɗaya ba. Sai ka sauko ka fara tafiya a ƙasa, ka ga gicciye a bakin gona, dutsen tunawa a gindin bishiya, wani a bayan gida, ɗaruruwa, ko'ina.

Matsalar da Moltke ya warware a nan, duk madugun da ya taɓa jan ayari zuwa Gwanja zai gane ta: in ayari ya yi yawa a hanya ɗaya, na gaba ya shanye rijiya kafin na baya ya iso, kuma in aka far wa goshi, ƙeya ba ta da labari. Runduna mai mutum 30,000 in ta hau hanya ɗaya, tsawonta tafiyar yini ce. Don haka ya ce a yi tafiya a rarrabe, a haɗu a wajen faɗa. Furusiya tana da layin dogo biyar da ke kaiwa iyaka, Ostiriya ɗaya. Ya baza dakarunsa a kan baka mai tsawon ɗaruruwan kilomita, ya kasa su uku: Runduna ta Ɗaya ƙarƙashin Yarima Friedrich Karl, Rundunar Elbe, da Runduna ta Biyu ƙarƙashin yarima mai jiran gado, wadda za ta ratso duwatsu daga Silesiya. Tsofaffin janar-janar suka ce hauka ne, Ostiriya za ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Da Benedek, kwamandan Ostiriya, ya yi hanzari, da maganarsu ta iya tabbata. Ranar 2 ga Yuni 1866 ne ma sarki Wilhelm na Furusiya ya ba Moltke ikon aika umarni kai tsaye ga rundunoni, har ana ba da labarin wani janar da takarda ta iso masa a tsakiyar faɗa ya ce umarnin ya yi kyau, amma wane ne Janar Moltke?

Daren 2 ga Yuli, a garin Jičín, aka tashe shi daga barci da labarin cewa Benedek ya tsaya a bayan Bystřice, kogin Elbe na bayansa. Nan take ya yanke: Runduna ta Ɗaya ta riƙe shi ta gaba, Rundunar Elbe ta bugi hagunsa, yarima mai jiran gado ya faɗo masa ta dama. Wayar tangaraho ba ta kai ga yariman ba, sai wani hafsa ya hau doki cikin dare, ya isa wajen ƙarfe huɗu na asuba. Ranar 3 ga Yuli aka wayi gari da ruwan sama da hazo, hanyoyi suka zama taɓo.

Na gangara zuwa dajin nan da na hango, Svíb, na shiga. Sanyi ne a ciki, ƙasa da danshi, hanya tana hawa tana sauka, duwatsun kaburbura a jere a gefenta. A nan rundunar Janar Fransecky ta Furusiya ta shiga da safe ta maƙale, Ostiriyawa suka yi ta turo bataliya bayan bataliya don su fitar da ita. Sojan Furusiya yana riƙe da bindigar Dreyse da ake ɗura wa harsashi ta baya, yana kwance yana harbi sau huɗu ko biyar kafin abokin gabansa ya yi ɗaya ko biyu, domin shi na Ostiriya sai ya miƙe tsaye ya ɗura ta baki. Kuma an koya masa ya ruga a cunkushe da banati a bakin bindiga. Cikin waɗannan yara akwai Cek, da Hangariyawa, da Polawa, da Italiyawa, da Kuroshiyawa, da yawansu ba sa jin yaren hafsan da ke ba su umarni. Na daɗe a dajin nan. A taswirar Moltke wuri ne da ya yi amfani, domin manyan rundunoni biyu na Ostiriya sun bar matsayinsu na tsaron dama sun faɗa cikinsa, suka bar ƙofa a buɗe. A ƙasa kuwa, wuri ne da 'ya'yan talakawa suka kashe juna a tsakanin bishiyoyi ba tare da sun ga ko taku ashirin a gabansu ba.

Wajen azahar al'amari ya tsananta wa Furusiya. Igwar Ostiriya ta fi tasu kyau, tana ta ruwan wuta daga tudun Lípa da Chlum, yarima kuma shiru. Sarki ya damu. Bismarck ya ba da labarin cewa ya miƙa wa Moltke gwangwanin sigarinsa da saura biyu a ciki, dattijon ya duba a natse ya zaɓi mai kyaun, shi kuwa ya ji hankalinsa ya kwanta. Moltke ya gaya wa sarki cewa yau ba faɗan kaɗai zai ci ba, yaƙin gaba ɗaya zai ci. Wajen ƙarfe uku dakarun tsaron sarki na Runduna ta Biyu suka ɓullo daga arewa suka hau Chlum, tsakiyar zuciyar Benedek. A bakin ƙauyen akwai abin tunawa da wani rukunin igwa na Ostiriya, ƙarƙashin Kyaftin von der Groeben, da ya tsaya yana harbi don 'yan'uwansa su samu janyewa, har aka kashe shi da mutanensa sama da hamsin cikin 'yan mintoci. Kafin dare Ostiriya da ƙawarta Saksoni sun yi asarar kimanin mutum 44,000, matattu da raunana da kamammu, Furusiya kimanin 9,000. Tarkon bai rufe duka ba, Benedek ya tsallake Elbe da mafi yawan sojansa. Amma yaƙin ya ƙare cikin mako bakwai, aka fitar da Ostiriya daga sha'anin Jamus. Moltke yana da shekara 65 a ranar.

Daga Hradec na ɗauki mota zuwa arewa ta Náchod, wato na bi hanyar yarima mai jiran gado ta baya. Mashigi ne matsattse tsakanin duwatsu, inda ranar 27 ga Yuni Janar Steinmetz ya fito da kyar ya ci nasara. Wanda ya ga ƙuncin hanyar zai san irin kasadar da aka yi. Ba shinge a iyaka, sai allo da ke cewa ka shigo Polan. Na kwana a Świdnica, na leƙa cocinta na katako da aka gina a 1656 zuwa 1657, wanda ke ɗaukar dubban mutane, sannan na ƙarasa Krzyżowa, 'yan kilomita kaɗan kudu da garin.

Kreisau ne sunan ƙauyen a zamanin Jamus. Da kyautar tala 200,000, kuɗin Furusiya na lokacin, da aka ba shi bayan nasarar 1866 Moltke ya sayi gandun a 1867. Mutumin da ya tashi ba gida ya samu gida yana dattijo. Shekara guda bayan haka, ranar 24 ga Disamba 1868, matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Ya gina mata hubbare a kan wani tudu mai bishiyoyi, ya bar wa kansa wuri a gefenta.

Gandun fili ne babba mai kusurwa huɗu, ciyawa a tsakiya, tsofaffin bargar dawaki da garken shanu da rumbuna sun kewaye shi, duk an gyara su sun zama ɗakunan kwana da na taro da na cin abinci. Gidan kansa yana gefe ɗaya. Wata matashiya mai yi wa baƙi jagora ta kai ni matakalar ciki, inda manyan zane biyu ke fuskantar juna a bango. Ɗaya sojan Napoleon ne suna wawashe Lübeck a 1806, garin da iyayen Moltke ke zaune yana ɗan shekara shida, an sa masa suna Abin Kunya. Ɗayan sojan Jamus ne suna shiga Paris a 1871, an sa masa suna Ramuwa. A 1900 aka zana su, shekara tara bayan rasuwarsa, bai taɓa ganinsu ba. Na tambaye ta me ya sa ba a shafe su ba. Ta ce da su ake fara yi wa ɗalibai darasi, a tsayar da su a tsakiya a tambaye su zane na uku da zai biyo baya.

Yaƙin Faransa shi ne ƙololuwar aikinsa, shi ne kuma inda lissafinsa ya fara kuɓuce masa. Faransa ta yi shelar yaƙi ranar 19 ga Yuli 1870. Jadawalin jiragen ƙasa yana aljihun tebur tun da daɗewa, ƙasa da mako uku sojoji sama da 300,000 suna bakin iyaka, Faransawa kuwa suna neman takalma da rundunoninsu. Wannan karon bindigar Faransa, Chassepot, ta fi ta Jamus nisa, igwar Krupp ce ta cece su. A Saint-Privat ranar 18 ga Agusta dakarun tsaron sarki suka hau fili marar mafaka, aka zubar da kimanin 8,000 cikin ƙasa da sa'a guda. Moltke da kansa ya rubuta a 1871 cewa babu tsarin yaƙi da ke da tabbas bayan karon farko da babbar rundunar abokin gaba, shi ya sa yake gaya wa kwamanda abin da ake so, ya bar masa yadda zai yi. Wani lokaci wannan 'yanci ya haifi nasara, wani lokaci ya haifi irin Saint-Privat. Da ya gane kwamandan Faransa MacMahon yana lallaɓawa ta arewa don ya ceci takwaransa Bazaine da aka tsare a Metz, ya juya rundunoni biyu gaba ɗaya zuwa dama, ya ritsa shi a Sedan ranar 1 ga Satumba. Washegari sarki Napoleon na Uku ya miƙa wuya, aka kama sama da mutum 100,000.

A ƙa'idar yaƙin sarakuna, magana ta ƙare ke nan. Amma Faransawa suka tuɓe sarautar, suka kafa jamhuriya, ministanta Gambetta ya fita daga Paris cikin balan-balan ya tara sababbin rundunoni, manoma suka ɗauki bindiga. Aka ƙara wata biyar ana zub da jini, ana ƙona ƙauyuka, mutanen Paris suna cin dawaki da ɓeraye. Moltke ya yi ta sa-in-sa da Bismarck kan wa ke da ta cewa, soja ko ɗan siyasa, kuma shi so ya yi a murƙushe Faransa har ta kasa tashi. A nan ban bi bayansa ba ko kaɗan. Yarjejeniyar Frankfurt ta 10 ga Mayu 1871 ta ƙwace Alsas da wani yanki na Loren, ta ɗora wa Faransa tarar faran biliyan biyar, kuma sojoji ne suka nace sai an haɗa da Metz. Ranar 16 ga Yuni aka naɗa shi fil mashal. A 1874 ya gaya wa majalisa cewa abin da aka samu da makami cikin rabin shekara, sai an yi rabin ƙarni ana gadinsa da makami.

Na hau tudun hubbaren da rana tsaka. Ƙaramin gini ne, ba ado mai yawa, kaburburan dangi a kewaye. Ƙasusuwansa ba sa ciki, sun ɓace a hargitsin 1945. A nan na yi ta juya mutumin a raina, domin bai zauna mini wuri ɗaya ba. Shi ne ya rubuta a wata wasiƙa a 1880 cewa zaman lafiya na har abada mafarki ne, kuma ba ma mai daɗi ba. Shi ne a 1887 ya ba da shawarar a riga Rasha kai hari, Bismarck ya hana. Shi ne kuma, yana da shekara 89, ya miƙe a majalisa ranar 14 ga Mayu 1890 ya ce zamanin yaƙin sarakuna ya wuce, yanzu yaƙin al'umma ne, wanda zai iya kai shekara bakwai ko talatin, kuma kaiton wanda ya fara cinna wa Turai wuta. Na yarda ya ji tsoron da gaske, don ya ga somin-taɓinsa a Faransa. Amma injin da ya ƙera, na jadawali da tarago da kiran kurata cikin kwanaki, ya riga ya fi ƙarfin gargaɗinsa, kowace ƙasa ta yi nata. Ya bar ofis a 1888 bayan shekara talatin da ɗoriya. A Oktoban 1889 wani ma'aikacin Edison ya zo wannan gida da na'urar ɗaukar murya, muryar tsohon tana nan har yau ana saurare. Ya rasu a Barlin ranar 24 ga Afrilu 1891. Ɗan ƙaninsa, mai suna irin nasa, shi ke riƙe da kujerar a Agustan 1914 lokacin da jiragen suka tashi, yaƙin duniya na farko ya ɓarke.

Yawancin baƙin da ke zuwa Krzyżowa ba don fil mashal suke zuwa ba. Akwai wani gida a kan tudu na daban, inda iyalin suka koma da zama lokacin da kuɗi ya yi ƙaranci. A nan tattaɓa-kunnen ƙaninsa, lauya Helmuth James von Moltke, da matarsa Freya, suka tara abokai sau uku a 1942 da 1943: limaman Katolika da na Furotesta, 'yan gurguzu masu sassauci, 'ya'yan sarauta, malaman jami'a. Suna tsara yadda Jamus za ta kasance bayan Hitler, da yadda za a hukunta masu laifin yaƙi. Girman sunan kakan nasu ya ɗan yi musu laima na wani lokaci. An kama Helmuth James a Janairun 1944, aka rataye shi a kurkukun Plötzensee ranar 23 ga Janairu 1945, yana da shekara 37. Bayan yaƙin Silesiya ta koma hannun Polan, aka kori Jamusawa, gandun ya zama gonar gwamnati, gine-ginen suka lalace. Ranar 12 ga Nuwamba 1989, kwana uku da faɗuwar katangar Barlin, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Helmut Kohl da firaministan Polan Tadeusz Mazowiecki suka halarci addu'ar sulhu a wannan fili, suka rungumi juna. A 1998 aka buɗe wurin a matsayin cibiyar haɗuwar matasa na ƙasa da ƙasa.

Da yamma na ci abinci a tsohon garken shanun tare da ɗaliban sakandare daga Jamus da Polan, hayaniyarsu ta cika ɗakin. Jagorar nan ta zo ta zauna kusa da ni, ta nuna mini ɗakunan da ke tsallaken fili. Ta ce a 2022, da yaƙi ya ɓarke a Yukiren, a cikinsu aka sauki mata da yara 'yan gudun hijira.